Yaron da Ya San Diddigen Ubansa

Isuhu bai ɗaga murya ba da zai faɗi maganar. Ɗana ne na biyu, na san halinsa: in ya yi ihu abin zai wuce, in kuwa ya yi magana a hankali yana kallon ƙasa, to ya riga ya yanke. Ya dawo daga kasuwar Dogon Dutsi inda yake saye da sayar da hatsi, ya zauna bakin tabarmata, ya ce, "Inna, in Razak ya sake faɗuwa bana, kolej korar shi za su yi. In sun kore shi, ba ya zamna mini gida shina cin tuwo. Ramin zinariya zai tahi, can cikin hamada, da motar Alhajin nan mai kwasar samari."

Razak jikana ne, ɗan Isuhu. Shekararsa ta biyu ke nan a aji ɗaya, wanda suke ce wa sankiyam, kuma ba a yin ta uku. Wansa Nasiru ma ramin zinariya ya tafi. Abin da ya dawo mana daga Nasiru waya ce mai fasasshen gilashi, da riga guda cikin leda.

Ni ban taɓa taka ƙofar lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ko ɗaya ba. Amma a duk ƙauyukan da ke kewaye da Kore Mairuwa, a tambaya a ji ko akwai wadda ta fi ni gatana, wato tatsuniya. Ban gaje ta a kwance ba, da kuka na koye ta. Shi ya sa da Isuhu ya tashi ya bar ni, ba makaranta ce ta faɗo mini a rai ba. Kakata Tumba ce.

Na tashi a wani ɗan ƙauye tsakanin Lugu da Matankari. In an gama girbi, an ɗaure dammuna an cika rumbuna, sanyi ya fara shiga ƙashi, to lokacin gatana ya yi. Da an ci tuwon magariba sai mu kwaso karan gero mu tara a ƙofar ɗakin Kaka Tumba. Wutar kara ba ta da haƙuri, ta tashi fuu ta mutu, don haka kullum akwai yaro guda da aikinsa tura kara. Mu tura gurjiya cikin toka, mu matsu da juna har gwiwar wani tana cikin haƙarƙarin wani. Ita kuwa tana zaune da mazarinta tana kaɗi, ba ta kallon kowa. Ƙaramar mace ce, baƙa, da tsagen Arawa a kumatu, muryarta kamar ana jan tabarma a kan tsakuwa. In ta ga mun natsu sai ta ce, "Ga wata nan tahe, ku buɗe mata ƙofa." Mu ce, "Ta shigo ta zamna."

Sauran tsofaffi suna ba da gatana kyauta. Kaka Tumba tana da doka. Ba ta faɗin gatana sau biyu. Kuma kafin ta ba da sabuwa, sai ta nuna yaro guda da tsinin mazari, ya maido mata ta jiya tun daga kai har wutsiya. Tana kiran wannan maida ƙwarya. "In maƙwabciya ta aiko miki tuwo," in ji ta, "wohi kike maida mata ƙwarya tata?" Wanda ya raɗa wa mai magana, kwanciya za a tura shi. In ƙwarya ta dawo wofi, an rufe gatana ke nan ga kowa, har sai wanda ya zubar ya kwashe.

Wadda ta kama ni ita ce gatanar ɗan Nomau.

A wata shekara, in ji Kaka, rijiyoyin gari suka ƙafe. Mutum guda ne, Nomau, ya san wani idon ruwa can cikin dawa, a ɓoye tsakanin duwatsu. Kullum da asuba sai ya ɗora wa jaki salka ya kama hanya, ɗansa yana biye da shi. Yaron ya yi tafiyar nan har ba ta ƙirguwa. Mutanen gari suna cewa, ko Nomau ya kwanta ba mu da fargaba, ɗansa ya san hanya. Shi ma yaron haka yake ji a ransa. Rannan maciji ya sari Nomau, ya kwanta ba baki, leɓensa ya tsattsage don ƙishi. Gari ya miƙa wa yaro igiyar jaki.

Ya wuce gonaki da sauri, yana ma fito. Da ya kai wani babban gawo inda sawu ya watse cikin rairayi, sai ya tsaya. Gabas dawa, yamma dawa. A nan Kaka takan dakatar da mazari. Sai ga Doguwa ta sauko daga gawon, kanta yana cikin rassa, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

"Ɗan Nomau," ta ce, "faɗa mini hanya da bakinka. Abin da duk ka ambata zai tsaya gabanka. Inda bakinka ya tsaya, nan hanya ta tsaya."

Yaro ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Ya buɗe baki. Ya ce akwai faso babba a diddigen dama, akwai ƙanana a na hagu, akwai tabon ƙaya kusa da idon sawu. Yana rufe baki sai ga diddige biyu tsaye a gabansa cikin rairayi, da fasonsu da tabonsu, ba mutum a samansu. Ba su motsa ba.

Mu duka muka ƙanƙame juna. Mai tura kara ya manta da aikinsa, wuta ta yi ƙasa, Kaka ba ta ce a gyara ba.

Doguwa ta yi dariya har 'ya'yan gawo suka zubo. Ta ce, "Wanga kaɗai ka sani. Shekara da shekaru kana tahiya, diddigen ubanka kake kallo." Yaro ya durƙusa yana roƙonta ta shiga gaba ta kai shi. Ta ce, "In na shiga gaba, diddigena za ka koya."

Ba yadda ya iya, ya ja jaki ya shiga dawa shi kaɗai. Ya ɓata. Ya dawo gindin gawo ya ce, bayan gawo na ga suri mai kai biyu. Suri ya tsaya. Ya koma, ya wuce suri, ya sake ɓata, ya sake dawowa da abu guda a baki. Rana ta take, jaki ya fara durƙushewa, ungulu suna kewaya sama. Haka ya yi ta tsinto hanya gutsure-gutsure: suri, dutse baƙi, tsamiyar da ta karkata, ramin dila, har ya ji kukan kwaɗi. Ya cika salka ya komo gida ba tare da ya waiwayi gawon ba. Aka ɗiga wa Nomau ruwa a baki, ya buɗe ido.

"Nan na aje ta," in ji Kaka, "mai hannu ya ɗauka."

Washegari da magariba tsinin mazari ya nuno ni. Ban ji tsoro ba. Ni ce na fi kowa matsowa kusa da ita, na saurara baki buɗe, na tabbata gatanar tana cikina kamar tuwon da na ci. Na fara da kyau, har muryar Doguwa na kwaikwaya. Na wuce diddige, na wuce suri. Daga nan sai kaina ya yi fari fat. Na san akwai ruwa a ƙarshe, amma abin da ke tsakani ya bi iska.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Sai ƙarar mazari kawai, da kara yana fashewa cikin wuta. Bawa, ɗan kawuna, yana hura hanci a bayana. Na kalli bakin Kaka, na san kalmar tana ciki, tana iya jefo mini ita kamar yadda ake jefa wa kaza tsaba. Ba ta jefo ba. Ta bari har wutar ta zama garwashi, sannan ta ce, "Ƙwarya ta dawo wohi. A tashi."

Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya yi wasa da ni. In na zo wurin 'yar carafke sai a watse. Bawa yana jifana da kashin awaki yana ce mini mai zubar da tuwo. Na je wurin Kaka da safe ina kuka, na ce ta sake faɗa mini sau ɗaya tak.

"Ina ne kika ɓata?"

"Duka."

"Mai cewa duka bai ko tashi tahiya ba. Ba ni wuri."

Sai na fara faɗa wa turmi. In ina daka, ina ba shi gatanar ɗan Nomau. Na faɗa wa awaki, na faɗa wa tulu a hanyar rijiya. In na tsaya, in koma gindin gawo in sake tasowa. Dutse baƙi ya dawo da kansa wata rana ina tsakar tankaɗe. Ramin dila ma ya dawo. A ƙarshe na gane ba duka ce ta ɓace ba, gurbi guda ne, kullum a nan nake tuntuɓe. Na koma na tsaya gabanta na ce, "Kaka, bayan dutse baƙi, kahin ramin dila, akwai abu guda."

Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Tsamiya."

Da magaribar nan na maida ƙwarya cike. Yau haƙorana sun tafi sun bar ni, tsamiyar nan tana nan inda take.

To, bayan maganar Isuhu, sai na sa ido a kan karatun Razak. Ba rago ba ne, wannan na shaida. Da la'asar yana gindin dogon yaro da kayensa, wato littafin da suke rubuta darasi, shi da abokinsa Mahamadu mai kaifin kai. Mahamadu ya yi lissafi, Razak ya kwafa. In karatu ne, kaye a buɗe, yatsa yana bin layi, leɓe yana motsi, sai ya rufe ya ce, "Na iya." Na kalle shi na kalle shi, na ce a raina, wannan ai ɗan Nomau ne da wandon kaki.

Ranar da ba lakwal, da hantsi, na kira shi. Ni ina ce masa Maigida, kamar yadda kaka ke tsokanar jikanta, shi kuma Tsohuwa yake ce mini.

"Maigida, kawo abin nan in gani."

"Tsohuwa, ai juye kika riƙe shi."

"Ba karantawa zan yi ba." Na ɗaga gefen zane, na sa kayen a kan tabarma, na zauna a kansa. "Mi anka koya muku jiya?"

"Yadda icce ke ci da sha."

"Madalla. Ni da na yi noma tun kahin a haihi ubanka ban taɓa ganin bakin icce ba. Faɗa mini, da Hausa, yadda zan gane."

Ya yi dariya ya fara. Saiwa tana shan ruwa daga ƙasa. Ruwan ya hau. Ya kai ganye. Sai ya tsaya. Ya kalli sama, ya kalli inda nake zaune.

"Ɗaga kaɗan in duba."

Na jawo faifai na shiga tsintar wake.

"Na iya shi wallahi, yanzu na karanta!"

Na ci gaba da tsintar wake. Wuyansa ya kumbura. Ya ce, "Ke da ba ki san ko 'a' ta boko ba, ke za ki koya mini karatu?" Uwarsa ta leƙo daga madafa da muciya a hannu, na ɗaga mata hannu ta koma. Na ce masa, "Ban san ta ba, kuma ba ta san ni ba. Amma ni na san abin da ke cikin kaina. Kai hwa?"

Haka muka shiga yi, kowace la'asar. Da farko yana tsayawa kamar jaki a bakin gulbi. Bayan 'yan makonni sai bakinsa ya sake, ya dinga zubo mini darasi tiryan-tiryan: koguna, sarakunan da, yadda jini ke kewaya jiki. Na ji daɗi har na cika wa Isuhu baki. Na ce ya je ya gaya wa Alhaji ya nemi wani yaron.

Sai aka yi musu jarrabawar tsakiyar shekara. Isuhu ya shigo da takardun a hannu, jan biro ya cika su kamar an yanka kaza a kai. Ashe duk inda Razak ya manta, ba ya tsayawa, ƙirƙira yake yi ya cike gurbin. Ya ba ni kogin da ba a taɓa haƙa ba, ya ba ni sarkin da ba a taɓa haifa ba, ni kuwa ina gyaɗa kai. Da ya shiga aji ya zuba musu irin wannan, sai aka zuba masa ja.

"Inna, ga gatanarki," in ji Isuhu. Shi mutumin wa'azi ne, shi da abokansa 'yan kasuwa, tun da can ba ya son jin iskoki a gidansa. "Na ce ki bar cika ma yaro kai da zancen doguwa da ƙarya. Ga shi ya koyi ƙaryar."

"Doguwar cikin gatana ba ta taɓa cin akuyar kowa ba," na ce. "Ramin da kake son kai shi hwa?"

Fuskarsa ta canza, na ga na taɓa inda ba a taɓawa. Ya ce a hankali, "Ni ma ɗana ne Nasiru. Amma zaman banza ma rami ne, Inna." Ya fita. Ranar kasuwa ta gaba ya dawo da jaka baƙa da takalmin roba, ya rataye su a bangon zaure inda duk mai shiga da fita zai gani. Motar Alhaji za ta tashi da an ba da sakamakon ƙarshen shekara.

Yaro ya yi wa tsohuwa wayo, wannan aikin yara ne tun fil'azal. Amma ni ba a kayar da ni sau biyu a wuri ɗaya. Na ɗaura zanena mai kyau, na ɗauki sanda, na taka har kolej. Na ce a kira mini malaminsu Garba, wanda suke ce wa Mushe. Ya fito da alli a hannu, ta tagar da ke bayansa ina hango kawunan yara cike har bango. Ya ba ni kujera, na ƙi, na faɗa masa komai a tsaye.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, abin da kike yi daidai ne, amma rabi ne. In ya gama faɗa miki, ki tashi daga kan kayen. Shi da kanshi ya buɗe, ya duba inda bakinshi ya saɓa da rubutu, ya sa alama, ya ruhe ya sake. Lissahi kuwa ba ya faɗuwa da baki. Ya ruhe amsar da hannu, ya yi shi kaɗai, sannan ya duba. Ya raba zama da Mahamadu har sai ya gwada da kanshi tukuna." Ya kaɗe allin hannunsa. "Kuma ya tambaye ni. Shekara biyu shina bayan aji shina gyaɗa mini kai, bai taɓa tambayata komi ba."

Na ce, "In ya zo ya ce duka ne bai gane ba?"

"Duka ba ni da lokacinta, Inna, kin ga yawansu. Amma in ya nuna mini wuri guda, ko a hanya ne zan tsaya."

Na ce a raina, wannan da ya zo duniya da wuri, da shi da Kaka Tumba sun sha fura tare.

Da na dawo gida na iske Razak a bayan rumbu yana jifan ƙadangaru. Ko gaishe ni bai yi ba.

"Ni ka ba ƙarya na haɗiye," na ce. "Takarda ta haɗiya?"

Ya sake jifan ƙadangare. Can ya ce, "Tsohuwa, ki bar wahal da kanki. Kaina ba ya ɗauka. Gara in tahi kawai, kowa ya huta."

Ba da fushi ya faɗa ba. Irin muryar ubansa ce.

A wurinmu ba a gatana da rana. Tun muna yara ake ce mana mai yin ta da rana ɓata zai yi a dawa. Ban taɓa karya wannan ba sai ranar. Rana tsaka, a inuwar rumbu, na zaunar da shi na ba shi ɗan Nomau daga kai har wutsiya. Da na zo wurin diddige biyu a tsaye cikin rairayi, ya daina wasa da dutsen hannunsa. Da na gama ban ce masa ga ma'ana ba. Na dai faɗa masa abin da Mushe ya ce, na tashi.

Ba a rana ɗaya ya juyo ba. Wata la'asar ya zo, wata ya ɓuya. Amma ya fara tsayawa in ya manta, maimakon ya ƙirƙira, kuma wannan tsayawar ta fi mini zubar da yake yi da. In ya gama in ɗaga, ya buɗe, in ji ya ja tsaki: "Kai, na tsallake iska. Ganye na shan iska ma." Ya rufe ya sake. Lissafi ne ya fi ba shi wuya. Sai in ga ya dafe rabin shafi da tafin hannu, gumi yana ɗiga a kan takarda, Mahamadu yana kiransa daga waje da amsa a shirye. Ni da kaina na sha jin kamar in ce, je ka karɓo mana, ka huta. Na danne.

Rannan ya dawo daga lakwal ya jefar da kaye. Ya ɗaga hannu a aji ya yi tambaya, 'yan aji suka kwashe da dariya, wani ya ce yau bebe ya yi magana.

"Mushe ya amsa?"

"Ya amsa."

"Ka gane?"

Ya tura baki. "Na gane."

"To su suka ci dariya, kai ka ci amsa. Wa ya ƙoshi?"

Da jarrabawar ƙarshe ta matso, sai ya rage zuwa wurina. Ina jin shi a bayan rumbu yana faɗa wa tumaki darasi, yana tsayawa, yana komawa farko. Na ji haushi kaɗan, ba zan ɓoye ba. An saba ana zama gabana.

Ranar sakamako Isuhu bai tafi kasuwa ba, ya ce da kansa zai raka Razak kolej. Tun da safe an ce motar Alhaji tana tasha ana lodi. Uwar Razak ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Ni na zauna a zaure, ƙarƙashin jakar nan, ina tsintar waken da na riga na tsince. Duk babur ɗin da ya wuce sai in leƙa ƙofa. Rana ta ɗaga, inuwa ta gudu daga ƙofa, ba su ba labarinsu.

Sai na hango su. Na kasa karanta fuskar kowa. Isuhu ya shigo ya tsaya, ya share zufa da hularsa.

"Ya wuce," ya ce. "Da ƙyar, kamar akuya ta tsallake bakin rijiya. Lissahi har yanzu ƙasa yake." Ya kalli yaron. "Shekara guda na ƙara mishi. Aji na gaba ya hi wanga wuya, in ji Mushe."

Uwarsa ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Razak ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Tsohuwa, kin ji ko? Mijinki ya ci."

"Da ƙyar anka ce. Ni ba na auren mai da ƙyar."

Da azahar motar ta tashi. Ta bi ta bayan gidanmu, samari a saman kaya sun rufe fuska da rawani. Akwai ɗan maƙwabciyarmu a ciki. Muna jin kukanta ta kan danga har la'asar, ba wanda ya iya cin abincin murna.

Ina yarinya na ɗauka gatanar ɗan Nomau a kan yaro marar lura take. Yanzu da na tsufa, Nomau nake tunawa. Yana son ɗansa, shi ya sa kullum yake shiga gaba, ya tare masa ƙaya, ya tare masa rana, har ya tare masa hanyar ma. Kuma ina tuna Kaka Tumba a bakin wutar nan. Na daɗe ina cewa zuciyarta dutse ce. Sai da na zauna a gaban jikana yana gumi, taimako yana kiransa daga ƙofa, na san irin nauyin da ta ɗauka da ta riƙe kalma guda a baki tana kallon hawayena. Ni na ma fi ta sauƙi, don ni ban san amsar ba.

Jakar tana nan rataye a zaure, da takalmin a ciki. Isuhu bai sauke ta ba. Na taɓa miƙa sanda zan sauko da ita, Razak ya ce in bar ta. Kullum da safe ta ƙarƙashinta yake wucewa zuwa lakwal, kuma ban taɓa ganin ya wuce bai ɗaga kai ya kalle ta ba.